Gwaggo Lantana Ta Hana Jaje

Gwaggo Lantana ƙanwar mahaifinmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A Janfalan aka haife ta, a gidan da mu ma muka tashi, aka kai ta aure Taba a ƙasar Kudan tun kafin a haife ni. Waina take toyawa. Duk ranar kasuwar Makarfi za ka same ta kusa da inda ake lodin rake, tanda a gabanta, hayaƙi na shiga mata ido, tana yi wa direbobi faɗa su daina tsoma mata hannu a miya. Gajera ce, baƙa, muryarta ta fi jikinta girma. Haƙorinta ɗaya na gaba ya karye, saboda haka in za ta yi dariya sai ta kare baki da gefen mayafi. In za ta yi faɗa kuwa ba ta kare komai.

Ba ta yi boko ba, allonta ma bai yi nisa ba. Amma a Taba da ƙauyukan kewaye an san gidanta da wani abu ban da waina. Matar da ta binne ɗa ta kasa tashi daga shimfiɗa, yarinyar da ta faɗi jarrabawa ta daina cin abinci, magidancin da tsutsa ta cinye masa tumatir har ya fara zancen barin gari, duk can suke ƙarewa. Ba ta tofi, ba ta ba da saiwa. Tabarma take shimfiɗa maka a inuwa, ta turo maka kwandon gyaɗa ta ce ka ɓare. Ba ta taɓa tambayar mutum abin da ya same shi. In ka ga dama ka faɗa, tana ji. In ba ka ga dama ba, gyaɗa dai ta ɓaru. Sai ka tashi tafiya za ta tsare ka da tambaya guda: kafin Juma'a mai zuwa, wane abu ɗaya kake so ka iya yi da kanka? Kai za ka zaɓa, ba ita ba. In ka zaɓi babba ta ce ka rage. In ka dawo ba ka yi ba, ba ta zagi, ba ta kuma lallashi. A waya ina ganin masu irin wannan aiki a birane, da ofis da suna na Turanci. Ita in ka tambaye ta sana'arta, waina za ta ce.

Inda abin ya samo asali kowa a danginmu ya sani, ko da yake ba a cika faɗa ba. Mijinta, Malam Ahmadu, mai yin mazarƙwaila ne. Wata rana yana tura rake a bakin injin matsa, injin ya ja masa hannun dama. Likitoci suka yanke, ciwo ya warke, amma 'yan jaje ba su ƙare ba. Wata da watanni mutane na zuwa daga ko'ina, kowa ya gaisa, ya yi addu'a, sannan ya gyara zama ya ce, "To Malam, yaya abin ya faru?" Ya ba da labari. Sai a ce, "Buɗe mu gani." Ya kwance tsumma, a leƙa, a yi salati, a tafi, wasu su shigo. Tun yana fitowa zaure har ya daina. Tun yana amsawa da baki har ya koma sai da kai. Ya yi shekara da shekaru a ɗaki, mutum mai ƙafa biyu da lafiyayyen hannu ɗaya, har Allah ya karɓi abinsa. Tun daga nan Gwaggo ta ƙi jinin tambayar nan.

A kakar da ta wuce aka sace yayana Yahya.

Shi ne ɗan fari a ɗakinmu. Manomi ne, yana kuma bin motar kaya zuwa kudu da barkono ko rake, duk wanda lokacinsa ya yi. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare su a kan babura, suka shiga daji da shi da wasu fasinjoji. Ni na gama jami'a ke nan, ina zaune gida ina jiran takardar bautar ƙasa, kuma da yake lambata kaɗai ya haddace, ni suka riƙa kira. Ba zan rubuta abin da na ji ta wayar nan ba. Baffa Sama'ila, wan mahaifinmu, wanda yake riƙe da gida tun rasuwar Baba, shi ya sayar da fadamarsa aka fanso Yahya. Ina so a riƙe wannan, domin kada abin da zai biyo baya ya sa a ɗauka Baffa mugu ne.

Yahya ya dawo a rame, ƙafafu a kumbure, idanu kamar ba nasa ba. Kafin ya gama wanka zaure ya cika.

Haka ake yi a wajenmu, kuma da zuciya ɗaya ake yi. Dangi da maƙwabta da abokan fatauci, daga Ikara, daga Makarfi, daga ƙauyukan da ban taɓa takawa ba, ayari-ayari. Wasu da kaza a hannu, wasu da ƙwaryar fura. A fito da Yahya ya durƙusa a gefen tabarma. A gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi iyali, a ce barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya sa kaffara ce. Sannan babba a cikinsu ya yi gyaran murya.

"To Yahya, yaya abin ya faru?"

Sai ya fara daga inda mota ta tsaya. In ya tsallake wani wuri, wanda ya riga ya ji jiya ya tuna masa. "An ce sun harbe wani a gabanka, ɗan ina ne?" "Da igiya suka ɗaure ku ko da sarƙa?" "Wai da gaske ɗanyar masara suke ba ku?" Yahya bai taɓa ƙin amsa maganar babba ba tun da aka haife shi, haka aka rene mu. Yana magana gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ayari na tashi ya zagaya bayan rumbu ya yi amai, ya kurkure baki, ya dawo ya tarar da wasu sun zauna.

Babu mai hanawa. Inna tana kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta fito ta ce ɗanta ya gaji. Tana ciki tana dama fura tana share ido da bayan hannu. Matarsa Rahama suruka ce, ba ta da baki a gaban manya. Ni ƙarami ne, aikina ɗauko ruwa. Baffa kuwa cikar zauren nan daɗi take masa, domin a ganinsa ta nuna gidanmu yana da mutane.

Wata rana da hantsi abokan fataucinsa suka zo daga Kurmin Kogi. A kan babura suka zo, goyo biyu-biyu da uku-uku, suka shigo layinmu a tare suna matsa hon don murna. Yahya yana tsakiyar ba wa wasu dattawa labari. Ya miƙe zumbur, ya ture tsohon da ke gefensa har hularsa ta faɗi, ya ratsa cikin gida, ya haura katanga. Sai bayan la'asar muka same shi a gonar dawa, kwance rub da ciki, fuska cikin ƙasa, hannayensa biyu haɗe a bayansa kamar an ɗaure. Babu wanda ya ɗaure shi.

Kafin magariba gari ya ɗauka cewa Yahya ya zautu. Wasu suka ce iskan daji ya kwaso. Baffa ya tara mu ya ce ya yanke shawara: akwai wani mai magani a wani ƙauye mai nisa da ke riƙe masu taɓin hankali, can za a kai shi. Na san irin wurin. Marin ƙarfe ake saka wa mutum a ƙafa, a turara masa hayaƙi, in ya yi gardama a sa bulala. Abin da ya jinkirta tafiyar kawai shi ne mai maganin ya yi bulaguro, aka ce sai nan gaba kaɗan zai dawo.

Gwaggo duk wannan lokaci tana Hunkuyi wajen 'yarta Mukarrama da ta haihu. Na kira ta na faɗa mata. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Sau nawa ya ba da labarin?" Na ce ban ƙirga ba. Ta kashe waya.

Washegari da safe sai ga ta a ƙafa, ƙullin kaya a ka. Ashe tun daga bakin gari ta sa ɗan acaba ya kashe inji ya sauke ta. Ta shiga ciki ta gaisa da Inna, ta leƙa ɗakin Yahya, sannan ta mirgino turmi har ƙofar zaure, ta kife shi, ta zauna a kai.

Ayarin farko na Malam Bilya ne, wani dattijo mai sayar da taki.

"A'a, Lantana, yaushe a gari? Sannu da hanya. Yaya mai jego?"

"Lafiya lau, Malam Bilya. Yaya iyali? Yaya kaka?"

"Alhamdu lillahi. Mun zo duba yaron ne."

"Kun kyauta, Allah ya ba da lada. Ku yi masa addu'a daga nan, tana isa ciki."

"A'a, ai ma gan shi ido da ido, mu ji yadda abin ya faru."

"Ba ka ji ba? An ce mini zuwanka biyu. Ko akwai wurin da bai yi maka daɗi ba a maimaita?"

Wani saurayi a bayansa ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari. Malam Bilya ya ɓata rai.

"Lantana, jaje fa muka zo."

"Na karɓa a madadinsa. Ga tabarma, ga fura. In labari kake so, zauna in ba ka na ranar da man waina ya zube mini a ƙafa, har tabon zan nuna maka kyauta."

Ba su zauna ba. Kafin azahar ta mayar da ayari huɗu ko biyar, kowanne da gaisuwa cikakkiya da godiya, babu wanda ya wuce turmin. Baffa ya dawo daga gona, tun daga nesa yake magana.

"Lantana! Me nake ji? Mutane kike kora mini a ƙofar gidana?"

"Gidan ubana, Yaya. Sannu da rana."

"Kin san abin da za a ce a garin nan?"

"Na sani. Za a ce Lantana ba ta da kunya. An daɗe ana faɗa, ka ga na rame?"

"Mutane sun bar aikinsu sun zo don zumunci."

"Sun zo, Allah ya saka musu. Amma kowa ya zo sai ya mayar da yaron nan daji ya dawo da shi, sannan ya tafi gida ya ci tuwo. Shi kuma a bar shi a can."

Baffa ya kaɗa riga ya ce ta yi duk abin da za ta yi, mai magani na dawowa za a tafi da shi.

Yahya sunan mahaifin su Gwaggo da Baffa ne, saboda haka Gwaggo ba ta kiran sunansa, Babana take ce masa. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa, ta zauna ta ba shi baya tana ɓarar gyaɗa tana hira da Rahama a kan tsadar man ja. Ba ta kira shi ba. Ranar farko bai fito ba. Rana ta biyu ya zauna a bakin ƙofa. Ta tura masa kwando da ƙafa ba tare da ta waiwaya ba.

"Babana, taya ni. Hannun matarka kamar na mai ciwon sanyi."

Ya fara ɓarewa. Rabin gyaɗar a ƙasa take zubewa, kaji na tsincewa. Da yamma ta yi masa tambayarta. Ya ce yana so ya yi barci.

"Wannan ba a hannunka yake ba. Rage."

"In ci tuwo a tsakar gida."

"To. Kai ka faɗa."

Ya ci. Loma kaɗan ce, bayansa jingine da bango, idonsa a kan ƙofa, amma ya ci. Bayan wannan ya zaɓi ya ɗauki 'yarsa, wadda tun dawowarsa take gudunsa shi ma yana gudunta. Bayan nan ya ce masallaci. Ya yi alwala, ya sa riga, ya kai zaure, ya ji muryoyin mutane a waje, ya juyo ya shige ɗaki ya rufe. Na dubi Gwaggo. Ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Yau ba ta yiwu ba ke nan. Ka kai zaure dai, jiya ba ka kai ba. In ka huta gyaɗa na jira."

Ta je wajen 'yan acaban bakin layi da kwanon waina, ta ce duk wanda zai shigo layinmu ya kashe inji ya turo. Suka yi mata tsiya, suka ce ko ita ce sabuwar mai unguwa, amma suka cinye wainar, kuma suka riƙa turowa. Ni ma ba ta ƙyale ni ba. Ta ga yadda nake zabura in wayata ta yi ƙara, ta ce, "Kai Zayyadu, duk karatun nan ba a koya maka canza kukan waya ba?" Na canza. Har yanzu ina zabura, amma ba kamar da ba.

Ta kuma aika wa Selina, maƙwabciyarta a Taba, ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti. Ta ce ta zo da kayan gida, kada ta sa farare. Selina ta zo ta zauna a tabarma kamar kowa, ta ɓare gyaɗa, ta ɗan yi hira da Yahya. Ta ce abin da ke damunsa sananne ne, yana samun wanda ya ga tashin hankali, har sojoji yana samu, kuma akwai likitocinsa a Zariya. Ta ce ba hauka ba ne, amma rashin barcin nan yana son magani.

"Kin ji," in ji Gwaggo ga Inna. "Ni gyaɗa na iya. Barci sai su."

Ta kai wa Baffa maganar. Ya ce ciwon iska ba na asibiti ba ne, kuma ya riga ya ba mutum alkawari.

Ranar da aka zo ɗaukarsa, hantsi ne. Na ji tsayuwar mota na leƙa. Baffa ne da direba da wasu ƙarti biyu da ban sani ba. Ɗaya yana riƙe da igiya a naɗe, sabuwa, irin ta ɗaurin shanu. Ban iya komai ba sai jingina da bangon zaure.

Gwaggo ta sauka daga kan turmi. Ta gyara ɗaurin zani, ta ja mayafi, ta kwanta a gicciye a bakin ƙofa, kai a wannan gefe, ƙafa a wancan.

"Lantana, tashi."

"Ina kwana, Yaya."

"Na ce ki tashi. Kada ki tara mini jama'a."

Jama'a kuwa sun riga sun taru. Mata na leƙe ta kan katanga.

"Na sayar da fadamata don in dawo da yaron nan," in ji Baffa. "Ba don in zuba ido ya shiga duniya ba. Jiya gonar dawa, gobe ina? In ya faɗa rijiya fa? Me zan ce wa ubansa?"

"Ka ce masa ka fanso shi daga masu igiya, sannan ka zo masa da igiya."

"Magani za a yi masa!"

"To ga hanya. Ku tsallaka."

Ƙartin suka dubi juna. Mai igiyar ya sosa ƙeya.

"Alhaji, mu dai aiki aka ɗauko mu, amma ba ma tsallaka uwa."

"Ku ɗaga ta!"

"Wa zai taɓa ta? Ni dai ba ni ba."

"Taɓa ni mana, ɗan nan," in ji Gwaggo daga kwance. "Na ga kamar na san uwarka a kasuwa. Ba ita ce mai daddawa ba?"

Ya ja da baya har ya taka ɗan uwansa. Wasu suka yi dariya. Baffa bai yi ba. Ya nuna ta da yatsa.

"Wallahi Lantana, in ba ki tashi ba, ba ni ba ke. Ko gawata kada ki zo."

"In ka riga ni sai na zo, Yaya. Ranar ba ka da bakin kora ta."

Ana cikin haka na ji motsi a bayana. Yahya ne. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya dafa kafaɗata. Ya wuce ni ya isa bakin ƙofa, ya durƙusa a bayan Gwaggo yadda ake durƙusa wa babba.

"Baffa, ina kwana."

Baffa ya amsa da ƙyar.

"Baffa, ban haukace ba. Tsoro nake ji. Ban san ranar da zai bar ni ba. Amma na san sunana, na san 'yata, na san kai ka sayar da gona saboda ni, kuma ba zan manta ba." Idonsa ya kai kan igiyar, ya kawar da sauri. "Ba zan je can ba. Zan je asibiti Zariya, da ƙafata zan shiga mota. Amma a ce wa wancan ya ajiye abin da ke hannunsa."

Kafin wani ya ce masa, mutumin ya saki igiyar a ƙasa ya ture ta bayan taya.

Tun da nake ban taɓa jin wani a gidanmu ya ce wa Baffa ba zai yi ba. Ina jin shi ma bai taɓa ji ba. Ya tsaya yana duban Yahya. Na ɗauka zai yi kuka. Sai ya juya kan Gwaggo, domin ita ce zai iya yi wa fushi.

"Ki ɗauke shi. In ya shiga daji ke za ki nemo shi. Babu ruwana."

"Na ɗauka."

Ta naɗe ƙafa, ya wuce ya shige turakarsa ya ja ƙofa. Gwaggo ta tashi tana kakkaɓe zani, ta ce ƙugunta ya riƙe, wani ya ba ta hannu mana, duk an tsaya ana kallo kamar an ga kura. Sannan ta dubi direba.

"Kai, ka san Zariya?"

"Na sani, Hajiya, amma ai ba can aka ce ba."

"Yanzu an ce. Tunda an riga an ƙona mai an zo, kada a yi asara. Babana, gaba za ka zauna ko baya?"

Ya ce gaba, kusa da taga. Rahama ta kawo masa takalmi da gudu. Inna ta fito har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya ba ta dube shi ba, ta ce da ni, "Ka ce wa wancan Allah ya tsare." Muka bar ƙartin nan biyu a tsaye suna tambayar yadda za su koma gida.

Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Duk inda hanya ta ratsa kurmi sai Yahya ya sunkuyar da kai ya riƙe kujera, ni ma a baya haka. Gwaggo ce ta cika motar da faɗa da direba, wai yana gudu kamar ya sato mu. Amma mun isa. Likita ya daɗe da shi, ya ba shi magani, ya sa masa ranakun dawowa.

Yanzu Yahya yana Taba da matarsa da 'yarsa, a ɗakin da Malam Ahmadu ya bari. Yana samun barci, ba kullum ba. Yana zuwa masallaci. Ya fara bin masu saran rake da safe, shi ya zaɓa. In babura suka wuce da yawa a tare har yanzu yana tsugunawa, ya daɗe kafin ya miƙe. Ban san ko zai sake bin motar kudu ba, shi ma bai sani ba.

Baffa bai sake yi wa Gwaggo magana ba. A Janfalan akwai masu cewa ta ɓata zumunci, ta kunyata dattawa a ƙofar gida, kuma matan da suka saba aika mata goron biki da yawa sun daina. Baffa yana tambayata jikin Yahya in mu biyu ne, ya kuma aika masa buhun masara, amma ya ce kada in ce daga gare shi ne. Na kai, na kuma faɗa.

Makon jiya na same ta a kasuwar Makarfi, tana juya waina. Na ce mata an sa ranar auren ɗan Baffa, an raba goro, ba a ware nata ba. Na ɗauka abin zai taɓa ta. Ta tsame waina ta jefa a kwano, ta zuba wani ƙullun.

"Yaushe ne?"

Na faɗa mata.

"Zan je. Ni zan toya wainar ma, wa suke da shi da ya iya? Ya yi ta fushinsa, yayana ne, na fi kowa sanin tsawon fushinsa. Ni dai Babana a ɗaki yake kwana, ba a turke ba. Matsa mini daga hayaƙi, kana tsare mini masu saye."